Yadda ake jiƙa koren shayi na ganye har ƙamshinsa ya fito, ba ɗaci ba bauri

Duk wanda ya ce min shi fa baya shan koren shayi saboda ɗaci, tambaya ɗaya nake masa, da wane ruwa ka haɗa? Kusan kullum amsar ɗaya ce, ruwa na tsaka da tafasa ya sauke ya kwara a kan ganyen, ya rufe ya tsaya duba waya, ya dawo bayan minti goma ya tarar da abu kamar jiƙon maɗaci. To ai ba laifin ganyen bane, ƙona shi aka yi.

Mu dama shayi iri biyu muka taso muka gani, na teburin mai shayi da madara da burodi, sai irin na Buzaye wanda wasu ke cewa ataya, da ake ɗora 'yar buta kan gawayi ta yi ta ɓararraka a zuba sukari da na'a-na'a a yi ta ɗagawa har kumfa ta tashi. Ganyen atayan nan ma kore ne kuma daga Chaina yake zuwa, shi ne kake ganin lamba irin 3505 ko 41022 a jikin kwalin, kuma ina sonsa har gobe, amma shi ganye ne mai ƙarfi da ke jure wuta. Wanda zan yi magana a kai daban ne, tohon farko ne da bishiyar ke yi bayan sanyin ƙasashen ya wuce, daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, ɗanye sharaf, shi ba a dafa shi, jiƙa shi ake yi.

Ni a birnin Guangzhou na Chaina na fara haɗuwa da shi lokacin da nake zuwa sarin kaya, a kasuwar shayi ta Fangcun. Can da liang ake aunawa, liang ɗaya giram 50 kenan. Na sayi liang biyu na wani koren shayinsu mai suna Longjing, na dawo gida na zuba rabi a butar ataya na ɗora a wuta yadda na saba, wallahi abin da ya fito ko baƙo ba zaka iya miƙa wa ba, kuma kuɗin ba kaɗan bane, abin ya min ciwo sosai. Sai a tafiya ta gaba wata dattijuwa mai shago ta zaunar da ni ta haɗa min a kofin gilashi a gabana, na ga ruwan da ta zuba ko huci kirki baya yi, na kurɓa na ji garɗi kamar na soyayyar gyaɗa da wani zaƙi ba tare da ko ƙwayar sukari ba. Tun daga nan nake yi kusan kullum.

Abu biyu kawai nake so ka riƙe kafin mu shiga aiki. Na farko, baƙin shayi da kore duk bishiya ɗaya ce. Baƙin ana barin ganyen ne ya sha iska ya rine kamar yadda goro ke yi idan ka ɓara ka ajiye, koren kuwa ana tsinka ake ba shi zafi don kada ya rine. 'Yan Chaina galibi soya shi suke a kasko ba mai, 'yan Japan kuma turara shi suke kamar yadda ake turara dambu, shi ya sa na Chaina ke ƙamshin suya-suya na Japan kuma ƙamshin dafaffen ganye. Na biyu, abin da ke ba shayin zaƙi da garɗi, wani sinadari da ake kira tiyanin, yana fitowa ko a ruwa mai ɗumi kawai, amma masu kawo ɗaci da bauri, wato kafeyin da katekin, sai ruwa ya yi zafi sosai suke ɓallewa da yawa, musamman daga digiri 80 zuwa sama. Duk abin da zan faɗa a ƙasa dabarar fito da tiyanin ne a bar masu ɗacin a baya.

Kayan aiki

Ganyen shayi, giram 50 ya isa farawa, kar ka sayi da yawa.

Ruwa mai kyau, zan yi bayaninsa a mataki na 3 don shi ne rabin aikin.

Buta ko tukunyar tafasa ruwa wadda ruwa kaɗai ake dafawa a ciki. Banda wadda ta saba da citta da kanumfari.

Kofin gilashi dogo mara zane, mai cin kamar mil 200 zuwa 250. Idan kana da gaiwan, 'yar kwanon tangaran mai murfi ta 'yan Chaina, ko kyusu, butar Japan mai mariƙi a gefe da raga a ciki, madalla. Idan babu, kofin tangaran da ɗan faranti na rufewa ya wadatar, da shi na yi shekaru.

Mataci mai ƙananan ido, na ƙarfe mara tsatsa.

Jug ko wani kofi babba na sauke zafin ruwa, da ƙananan kofuna farare na sha, farare don ka ga launin ruwan. Kofin roba kam a'a, yana riƙe warin duk abin da aka taɓa sha a ciki.

Ƙaramin sikeli na dijital irin na masu sayar da zinari. Ma'aunin zafi na kicin idan da hali, idan babu akwai dabara. Sai agogon wayarka.

1. Zaɓi ganyen, ka san me kake nema a cikinsa

Idan baka san ƙamshin da ya kamata ka ji ba, ba zaka gane ko ka dace ko ka ɓata ba, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan.

Longjing daga Hangzhou yake a lardin Zhejiang, asalinsa tsaunukan da ke kewaye da tafkin Xihu. Ganyen a baje yake sumul kamar an goge shi da dutsen guga, launinsa kore mai ɗan ratsin rawaya, saboda da tafin hannu ake danna shi a jikin kasko mai zafi. Mafi tsada shi ne wanda aka tsinka kafin bikin Qingming da ke faɗowa 4 ko 5 ga Afrilu. Ƙamshinsa, su suna kwatanta shi da wani ɗan itace nasu da ake gasawa, ni a hancina soyayyar gyaɗa ce da aka soya da yashi haɗe da dafaffiyar gurjiya. Shi nake ba duk mai farawa.

Biluochun daga tsaunin Dongting yake a bakin tafkin Taihu kusa da Suzhou. Ƙanana ne a nannaɗe kamar dodon koɗi, da wani farin gashi-gashi a jiki wanda wasu ke ɗauka fumfuna ce, ba ita bace, alamar toho ne. Ana shuka shi a tsakanin itatuwan marmari, kuma ƙamshinsa na fure ne da 'ya'yan itace, mai sanyi, amma shi ne ya fi saurin fushi idan ruwa ya yi zafi. Huangshan Maofeng na lardin Anhui shi ma ƙamshin fure ne sai dai ya fi sauƙin kai. Anji Baicha kuwa duk da sunansa na nufin farin shayi, kore ne, kuma cikin na Chaina da na sha babu wanda ya kai shi rashin ɗaci.

Sai na Japan. Sencha shi ne na yau da kullum a can, siririn ganye kamar allura, kore shar mai sheƙi. Wani manomi Nagatani Soen ne ya fito da wannan salon sarrafawa a yankin Uji a 1738, yanzu kuma Shizuoka da Kagoshima ne suka fi noma shi. Ka san ƙamshin da ke tashi idan ana yankar ɗanyar ciyawa da safe a tsakiyar damina? Haɗa shi da na alayyafo da aka sauke yanzu daga wuta, to sencha kenan, da ɗan ƙamshin teku a ƙasa-ƙasa. Akwai wanda ake kira fukamushi da ake turarawa minti ɗaya zuwa biyu maimakon daƙiƙa 30 zuwa 40, shi ganyensa a farfashe yake kamar da gari a ciki kuma ruwansa kore ne mai duhu, kar ka ce an cuce ka, haka yake.

Gyokuro shi ne sarkinsu. Ana rufe gonar da inuwa kamar kwana 20 kafin tsinka, rashin ranar ke sa tiyanin ya taru a ganyen, a cikinsa ma aka fara gano sinadarin a 1949. Na Uji da na Yame sun fi suna. Gaskiya ranar da ka fara sha zaka yi mamaki, don bai yi kama da shayi ba, romo-romo yake, irin ɗanɗanon nan da daddawa ko farin magi ke sa wa miya wanda ba gishiri ba ba zaƙi ba. 'Yan Japan umami suke ce masa, wani masaninsu Kikunae Ikeda ne ya raɗa sunan bayan bincikensa na 1908, kuma daga binciken nan farin magin ya samo asali. Kar ka fara da gyokuro, bari sai hannunka ya faɗa.

Idan aljihu bai kai ba ko kana tsoron ɓatawa, nemi genmaicha, koren shayi ne da aka gauraya da gasasshiyar shinkafa, ƙamshinsa kamar ƙanzon shinkafa da gugguru, kuma yana yafe kuskure.

Wajen saye, ka duba shekarar tsinka a jikin leda, na bana kake so. Ka buɗe ka shaƙa idan an yarda. Ganyen da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko yake warin tsohuwar harawa ko kwali ya riga ya mutu, ko nawa aka rage maka kar ka karɓa. Ka murza ɗaya tsakanin yatsu, ya kamata ya ruguje ƙaras, idan ya lanƙwashe ya sha danshi. Wanda aka baje a buɗaɗɗen kwalba yana shan rana a kanta shi ma ka wuce shi. An taɓa sayar min da na bara a sabuwar leda, tun daga nan bana biya sai an haɗa min na ɗanɗana ko an ba ni ɗan samfur.

2. Gyara bakinka da wurin zama

Wannan mutane na raina shi. Ƙamshin koren shayi siriri ne, turaren wuta ɗaya ya isa ya binne shi. 'Yan uwa mata ku yi haƙuri, ranar da za a sha wannan shayin a ɗaga kasko da humra zuwa anjima, maza ma mai shafa turaren oud a hannu ya wanke hannunsa don hannun nan ne zai kai kofi hanci. Kar ka sha bayan cin yaji, goro, ko goge baki da makilin, ka ba da tazarar ko rabin awa ka kurkure da ruwa. Kuma kar ka sha da cikin da babu komai, yana sa wasu tashin zuciya da jiri.

3. Ruwa

Ruwan bohol mai zartsi, irin wanda ke barin farin abu kamar ƙanzo a gindin buta, yana kashe ƙamshi ya sa shayin ya yi duhu har ka ga wata yana-yana a samansa. Na famfo kuma idan yana warin kulorin sai ka tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana, ko ka bar shi ya tafasa minti biyu zuwa uku murfi a buɗe. Ni ruwan gora nake amfani da shi, idan babu sai fiya wata mai kyau wanda bai sha rana ba, don wanda ya kwana a rana warin leda yake. Ka kurɓi ruwan tukuna, idan ka ji wani ɗanɗano a ruwan kansa to zai fito ninki biyu a shayin. Masu dafawa da gawayi ko itace su rufe butar ruf kada hayaƙi ya shiga, idan ba haka ba duk shayin ƙauri zai yi.

4. Tafasa shi, sannan ka sauke zafinsa

Ka bari ya tafasa sosai sannan ka sauko da shi inda kake so. Longjing, Maofeng da Anji digiri 80. Biluochun 75. Sencha 70 zuwa 75. Gyokuro 50 zuwa 60. Genmaicha ko 85 zuwa 90 ba damuwa.

Idan babu ma'aunin zafi ga dabara biyu. Ta farko surki: kofi uku na tafasasshe da kofi ɗaya na ruwan sha da ke ajiye a ɗaki zai baka wajen 80, biyu da ɗaya wajen 75, ɗaya da ɗaya kuma ya ɗan haura 60. Da ruwan ɗaki nake nufi, ba na firij ko na randa ba, kuma da hunturu ka ɗan rage na sanyin. Ta biyu juye: duk sanda ka juye ruwan daga wani mazubi zuwa wani mara zafi yana sauka da digiri 5 zuwa 10, to juyi kamar uku ya isa sencha, haka 'yan Japan ke yi, har suna da kwano na musamman don wannan. Na fi son juyen don yana ɗumama kofunan gaba ɗaya. Idan kana shakka, gara ya yi sanyi da ya yi zafi. Wanda bai ji ba ana iya ƙara masa lokaci, wanda ya ƙone kuwa sai zubarwa.

Sauran ruwan ka zuba a fulas don zagaye na gaba, amma fulas ɗin da bai taɓa ganin kunu ko shayin madara ba.

5. Auna ganyen

Na Chaina giram 3 ga ruwa mil 150. Sencha giram 4 zuwa 5 ga mil 150 zuwa 200. Gyokuro giram 5 ga mil 50 kacal, eh haka ne, ɗan kurɓi ake yi. Idan da cokali zaka auna ka kula, cokalin shayi ɗaya na sencha kusan giram 2 ne, amma Maofeng da Anji saboda fuka-fuka suke sai ka cika babban cokali kafin ka samu giram 3. Kuskuren da na fi gani shi ne a tsakuri ganye kaɗan don tsada sannan a bar shi ya daɗe a ruwa wai ya fito, sakamakon sai ya zama ga salam ga ɗaci. Ganye isasshe, lokaci gajere.

6. Ɗumama mazubin ka shaƙi ƙamshin farko

Zuba ruwan zafi a kofin ko butar ka juya ka zubar, nan take ka zuba busasshen ganyen a ciki ka rufe, ka ɗan girgiza, ka ƙirga goma, ka buɗe kaɗan ka kai hanci. Ni wannan ne wurin da na fi so a duk aikin. Ɗumin nan ke tayar da ƙamshin da ke kwance, Longjing zai buso maka da gyaɗa, sencha da ɗanyen ganye mai zaƙi, a nan kuma tsohon ganye ke tona kansa. Kar ka hura numfashinka cikin ganyen, ka shaƙa ka kawar da kai ka fitar.

Wasu na ɗauraye ganye da ruwan farko su zubar kamar yadda ake wa na ataya. Banda wannan. Mafi daɗin abin da ka biya kuɗi dominsa a ruwan farkon yake fita.

7. Jiƙawa

Na Chaina a kofin gilashi: zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku a kan ganyen, ta jikin kofin ba ta tsakiyar ganyen ba, ka ɗan juya kofin a hankali kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 ganyen ya jiƙe, ka sake shaƙa, wannan ne ƙamshi na biyu kuma ya bambanta da na farko, sannan ka cika. Kar ka rufe, rufewa na dafa toho ya mayar da shi rawaya. Ka zauna ka kalli yadda ganyen ke miƙewa yana sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya, bayan minti ɗaya da rabi zuwa biyu ya yi. Biluochun kuma akasin haka ake masa, ruwan ake fara zubawa sannan a barbaɗa ganyen a sama ya nutse da kansa, don tsabar laushinsa. Idan ka ga farin gashin nan na yawo a ruwan ba datti bane.

Idan a gaiwan ne ko kofi da faranti, daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya a zagayen farko ya isa, ka bar murfin a ɗan karkace.

Sencha: zuba ruwan, rufe, minti ɗaya cif, kar ka juya da cokali kar ka girgiza. Fukamushi daƙiƙa 30 zuwa 45 saboda farfasasshe ne yana saurin fita. Gyokuro minti biyu, ruwan da ƙyar zai rufe ganyen kuma kusan rabinsa ganyen zai shanye, kar hakan ya dame ka.

Ka sa agogo don Allah. Daƙiƙa 30 a nan ba wasa bace, kuma hira na cinye ta baka sani ba.

8. Tsiyaye shi tas

In dai ba a gilashi kake sha kai tsaye ba, lokaci na cika ka tace duka, har ɗigon ƙarshe, don ɗigon ƙarshen nan ya fi ko'ina kauri, kuma ruwan da ka bari a ciki zai ci gaba da dafa ganyen ya ɓata maka zagaye na biyu. Idan ku uku ne kar ka cika kofin farko sannan na biyu, na farko zai samu tsararo na ƙarshe ya samu ɗaci. Ka zuba kaɗan-kaɗan, ɗaya biyu uku, uku biyu ɗaya, har ya ƙare, ko ka tace duka a jug sannan ka raba. Bayan nan ka buɗe murfin ganyen ya sha iska.

Mai sha a gilashi kuma idan ya rage kashi ɗaya cikin uku sai ya ƙara ruwa, kar ya bari ya ƙafe.

9. Sha

Fara da ido. Na Chaina ruwansa garai yake, kore mai haske zuwa rawaya-rawaya, sencha ya fi shi kore. Idan ka ga ya yi ja-ja to ko ruwan ya yi zafi ko ganyen ya tsufa. Shaƙi cikin murfin idan da murfi, a nan ƙamshin fure ke maƙalewa.

Kar ka sa sukari, ko sau uku na farko ka daure. Kurɓi kaɗan tare da jan iska har ya yi ƙara, na san a tarbiyyarmu ba kyau amma a nan haka ake yi, iskar ce ke watsa shi ko'ina a baki. Riƙe shi daƙiƙa biyu uku, haɗiye, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Abin da ka ji a wannan numfashin shi ne ainihin ƙamshin shayin, ya fi wanda ka shaƙa daga kofi.

Sai ka rarrabe abin da harshenka ke faɗa maka, kuma Hausa na da kalmomin tsaf. Ɗaci a bayan harshe yake, kaɗan wanda ke wucewa da sauri ba laifi, wanda ya zauna shi ne matsala. Bauri shi ne ɗaurewar baki irin ta ɗanyar kanya, sencha mai kyau na da ɗan kaɗan da ke wartsake baki. Garɗi a Longjing da genmaicha zaka fi jinsa. Gafi irin na ɗanyen wake alamar ba a soya ganyen ya ji ba, ƙauri kuma an zarce. Ɗan ƙamshin teku a na Japan daidai ne, amma idan ya kai ga ƙarni to ganyen ya kwana biyu ko ka ƙona shi.

Sannan ka dakata, kar ka yi saurin kurɓa ta biyu. Ka san yadda idan ka ci namijin goro ko miyar shuwaka ka sha ruwa sai ka ji ruwan ya yi zaƙi? To shayi mai kyau na yin haka da kansa, bayan kamar rabin minti wani zaƙi zai taso daga maƙogwaro yawu ya tsinke. 'Yan Chaina huigan suke kiransa, zaƙin da ke dawowa, kuma da shi nake gane ganyen da ya ci kuɗinsa. Na banza baya yi, maƙaƙi yake bari. Idan ka shanye ka shaƙi kofin da ba komai bayan ya ɗan huce, sau da yawa wani ƙamshi kamar na zuma ko rake na nan kwance a gindinsa.

10. Zagaye na biyu da na uku

Kamar dai ataya, shi ma sau uku ake yi, wani ganyen har huɗu. Sencha a na biyu ƙara zafi kaɗan zuwa 80 amma daƙiƙa 10 zuwa 15 kawai tunda ganyen ya riga ya buɗe, a nan mutane da yawa ke faɗawa, su ba shi minti ɗaya kamar na farko ya fito da ɗaci. Na uku daƙiƙa 30 zuwa 45. Na Chaina kuwa kowane zagaye ka ƙara masa kamar daƙiƙa 20. A wurina na biyun Longjing ya fi na farko cika baki. Ka yi su a zama ɗaya, jiƙaƙƙen ganye baya kwana, musamman a zafin nan namu. Ganyen gyokuro bayan an gama laushi yake kamar dafaffen zogale, a Japan har ci ake yi da ɗan miyar waken suya, ni da ɗan gishiri nake cinyewa.

Idan ya fito da ɗaci, sauke zafi da digiri 5 tukuna kafin ka taɓa komai. Idan ya fito salam, ƙara ganye. Idan ƙamshi babu gaba ɗaya alhali ganyen na ƙamshi a busasshe, canza ruwa. Abu ɗaya zaka canza a lokaci guda, in ba haka ba ba zaka san wanne ya gyara ba.

Lokacin zafin Maris da Afrilu kuma akwai hanya mafi sauƙi da babu yadda za a yi ta ɓaci: giram 10 na sencha a lita ɗaya ta ruwan sanyi, a rufe a sa a firij ko cikin kula da ƙanƙara awa uku zuwa shida, a tace a shanye a ranar. Ɗaci kusan babu, sai zaƙi. Masu ƙarancin jini dai su raba shan shayi da lokacin cin abinci da awa ɗaya ko fiye don yana rage shigar sinadarin ƙarfe a jiki, mai juna biyu da wanda kafeyin ke hana barci su rage yawa.

11. Ajiya

Ganyen shayi na zuƙar wari kamar soso. Ka ajiye shi a kabad ɗaya da daddawa, kori ko sabulu na sati ɗaya, ka gama da shi. Ledarsa mai ƙyalli kamar azurfa a ciki ita ce gidansa, ka matse iskar ka naɗe bakin ka ɗaure da kyauro ko ka maƙale, ka saka a gwangwani mai murfi, ka ajiye a ɗaki mafi sanyi nesa da kicin da taga. Kwalbar gilashi na da kyan gani amma haske na cinye korensa. Cokali busasshe kawai zai shiga ciki, da damina kuma ka buɗe ka rufe da sauri.

Wanda baka buɗe ba zai iya zama a firij ko firiza, amma sai in wutarku na tsayawa ko kuna da sola, don firij ɗin da ke sanyi yana hucewa kullum gumi yake tarawa. Ranar da ka fito da shi kar ka buɗe nan take, ka bar ledar a rufe ta yi awanni har sanyin ya fita gaba ɗaya, in ba haka ba raɓa zata kwanta a kan ganyen. Wanda ka buɗe kuma ka shanye shi cikin wata ɗaya zuwa biyu, kar ka yi ta adana shi sai babban baƙo ya zo. Idan kuma ya riga ya kwana biyu ƙamshin ya gudu amma bai yi fumfuna ba, zuba shi a busasshen kasko mai tsabta wanda ba mai, wuta ƙasa-ƙasa, kana juyawa ba tsayawa minti uku zuwa biyar har ya koma ruwan ƙasa ƙamshin gashi ya tashi, ka juye a faranti ya huce. Irin abin da 'yan Japan ke kira hojicha kenan, shi kam tafasasshen ruwa zaka zuba masa, daƙiƙa 30 ka tace.